Maganin Abu Hamad da Ƙofar Cibiya

Wanda ya tashi daga Omdurman ya bi kogin Nilu ya yi arewa, ya wuce Shandi da Atbara, zai kai inda kogin yake karya kwana ya nausa kudu maso yamma kafin ya sake miƙewa zuwa Masar. A wannan kwanar garin Abu Hamad yake. Hamada ce ta ko'ina, sai ɗan zirin dabino a bakin ruwa, sai tsibirai, sai duwatsun da ruwa ke gudu a kansu yana kumfa. A irin wannan ruwan mai gudu wani ɗan baƙin ƙuda yake hayayyafa, kuma cizonsa ne yake zuba wa mutum tsutsar da ke kawo makantar bakin kogi. Duk duniya babu inda cutar ta kai arewa kamar nan.

Uwar tsutsar takan naɗe a cikin ƙulli ƙarƙashin fata, ta yi shekara 10 zuwa 15 a raye, tana zuba 'ya'ya dubbai waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke yawo a cikin fata. A ƙauyukan bakin kogunan Arewacin Najeriya sukan kai ga ido, shi ya sa aka saba ganin magidanci da ƙarfinsa yaro yana masa jagora. A Abu Hamad, a da, ta fi cin fata. Mutum ya yi susa da farce, ya koma susa da dutse, dare ya raba bai runtsa ba, har ƙafa ɗaya ta yi kauri ta yi baƙi ƙirin.

A 1998 aka fara raba wa mutanen yankin wata 'yar farar ƙwaya sau ɗaya a shekara. Ba likita ke rabawa ba, mutanen ƙauyen ne da kansu. Ana tsayar da mutum jikin wata sanda mai zane-zane, inda kansa ya tsaya shi zai nuna ko ƙwaya ɗaya zai sha, ko biyu, ko uku, ko huɗu. Yaron da bai kai santimita 90 ba a ce ya bari sai baɗi. A 2006 gwamnatin Sudan, da tallafin Cibiyar Carter, ta yanke shawarar a mayar da rabon sau biyu a shekara, da niyyar a tumɓuke cutar gaba ɗaya. Madatsar ruwan Marawi, da aka kammala a 2009, ita ma ta taimaka, don ta shanye wasu duwatsun da ƙudan yake ƙwai a kansu. Aka kama ƙudaje dubbai aka bincika, aka gwada jinin yara dubbai, ba a sami alamar tsutsar ba. A watan Mayun 2012 aka sanar da cewa yaɗuwar cutar ta tsaya, aka daina rabon. Aka zuba ido shekara uku, ba ta dawo ba.

Sunan ƙwayar ivermectin, mutanenmu sun fi saninta da Mectizan. Asalinta ƙasa ce, ƙasar da ake takawa. A 1973 wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya samo wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf a Kawana. Aka aika da ita kamfanin Merck a Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka gano tana fitar da wani sinadari mai shanye jikin tsutsa. Aka ɗan gyara sinadarin, a 1981 aka fara sayar da shi domin dabbobi. A wannan shekarar kuma wani likitan kamfanin, Mohammed Aziz, ya gwada shi a kan masu cutar a Dakar. A watan Oktoban 1987 shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya ce za a ba da maganin kyauta ga duk mai buƙata, har ranar da buƙatar za ta ƙare. Omura da Campbell sun karɓi kyautar Nobel a 2015. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da makantar bakin kogi, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. Magungunan da suka yi wa talakan Afirka irin wannan rana ba su da yawa.

To, a 2011 sai wannan magani ya ɓullo a wani wurin da ba wanda ya yi tsammani. A Jami'ar Monash da ke Melbon, a Ostireliya, Kylie Wagstaff da David Jans suna neman sinadarin da zai hana wani furotin na ƙwayar cutar ƙanjamau shiga cibiyar ƙwayar halittar ɗan Adam. Suka jera magunguna ɗaruruwa waɗanda aka riga aka sani, suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan kaɗan da suka yi aiki har da maganin tsutsa. Sai dai ba furotin ɗin ƙanjamau ya kama ba. Abin da ya kama namu ne, wani ma'aikaci a jikinmu wanda ba ya hutawa dare da rana.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne jingim, kusan kowace da cibiyarta, a cikin cibiyar kuma DNA yake, wato rubutun gadon da ake karanta yadda za a gina komai. Fata biyu ce ta kewaye cibiyar. Amma furotin, waɗanda su ne ma'aikatan ƙwayar, a waje ake ƙera su, har da waɗanda aikinsu a ciki yake: masu naɗe DNA, masu kwafarsa, masu gyara shi, masu buɗe wani sashe su rufe wani. Ke nan dole su shiga, dole kuma saƙon da aka kwafo daga DNA ya fito. Lamarin ya yi kama da tsohon birni mai ganuwa, irin Kano da Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa, ko Omdurman ta zamanin Halifan Mahdi, wadda Ƙofar Abdul Ƙayyum ta rage mana daga katangarta: ba a haurawa, sai ta ƙofa, kuma ƙofa da mai tsaronta.

An fara hango ƙofofin cibiya da madubin lantarki a 1950, a cikin ƙwan kwaɗo. Cibiya guda takan sami dubbai. Kowace ƙofa an gina ta da furotin iri kusan 30, an jera su zobe mai kusurwa takwas. Abin mamaki shi ne ba ta da ƙyaure. Tsakiyarta cike take da wasu zarurruka masu laushi da ba sa tsayawa wuri ɗaya, kullum cikin motsi suke. Ƙananan abubuwa sukan sulale ta tsakaninsu. Babban furotin kuwa, in ya zo shi kaɗai, zarurrukan nan su mayar da shi baya. Duk da haka kaya wajen dubu ne suke ratsa ƙofa ɗaya a cikin daƙiƙa guda.

Yaya ƙofar take sanin nata? Kwaɗon Afirka ne ya ba da amsa, wani mai farce da ake samu a tafkunan kudancin nahiyar, don ƙwansa babba ne, ana iya soka masa allurar gilashi a ƙarƙashin madubi. A 1982, a Kambirij ta Ingila, Colin Dingwall da Ron Laskey suka ɗauki wani furotin da ya cika cibiyar ƙwan, suka yanke masa wutsiya. Suka zuba gangar jikin a wajen cibiya, ta tsaya nan, ba ta shiga ba. Suka zuba wutsiyar ita kaɗai, ta shige. Suka soka gangar jikin a cikin cibiyar kai tsaye, ta zauna daram. Ashe izinin shiga a wutsiya yake rubuce.

Shekara biyu bayan haka, a Mill Hill da ke Landan, Daniel Kalderon da Alan Smith da abokan aikinsu suka karanta izinin harafi-harafi. Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. A jikin furotin na wata ƙwayar cutar birai mai amino asid fiye da 700, sun tarar guda bakwai kacal a jere su ne takardar shiga. Suka canza ɗaya tak daga cikin bakwai ɗin, furotin ɗin ya maƙale a waje. Suka ɗauki bakwai ɗin suka liƙa wa wani furotin da ba shi da wata hulɗa da cibiya, sai ga shi a ciki. A ganina wannan yana cikin gwaje-gwaje mafiya tsabta da aka taɓa yi a ilimin halitta, don bai bar wa mai musu wurin tsayawa ba.

Saura mai karanta takardar. A 1994 Dirk Görlich, ɗan Jamus da ke aiki tare da Laskey, ya tace shi daga ruwan ƙwan kwaɗon nan, aka sa masa suna impotin. Biyu ne suke aiki tare. Na farko ya riƙe takardar, na biyu ya riƙe na farkon, kuma shi na biyun jikinsa ya dace da zarurrukan ƙofa, yana taɓa wannan ya saki ya taɓa wancan har ya ratsa da kayansa.

Akwai sauran tambaya, kuma ita ce ta fi daɗi. Ɗan rakiyar nan ba shi da ido, ta ina ya san ya iso ciki, ya sauke kaya? A 1993 Mary Moore da Günter Blobel, a Jami'ar Rockefeller ta New York, suka nuna cewa shigar ba ta yiwuwa sai da wani ɗan ƙaramin furotin mai suna Ran. Shi Ran hali biyu gare shi: ko yana ɗauke da caji, ko ya huce. Mai yi masa caji a jikin DNA yake manne, mai sauke masa cajin kuma a waje yake zaune. Don haka cikin cibiya cike yake da Ran mai caji, waje kuwa sai wanda ya huce. Da impotin ya shiga ya gamu da mai caji, sai ya saki kayansa, ya fito hannu rabbana, a waje a raba shi da Ran, ya ɗauki wani kayan. Mai fitar da kaya, wanda aka gano a 1997 aka kira shi ekspotin, akasin haka yake yi: ba ya ɗaukar kaya sai Ran mai caji yana tare da su, da sun fito cajin ya sauka sai ya sake su. Ƙofar ita kanta ba ta san gaba da baya ba. Bambancin da ke tsakanin ciki da waje shi ne yake tuƙa komai.

Da wannan ƙwayar halitta take mulkin kanta. Furotin da yawa masu ba DNA umarni a waje ake tsare su, an rufe takardarsu, sai lokaci ya yi. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin da ta fara kamawa sukan saki wani sinadarin gargaɗi mai suna intaferon. Da ya taɓa maƙwabciyar ƙwaya, sai a ɗora wa wani furotin mai suna STAT1 alama, ya haɗu da ɗan'uwansa, impotin ya gane su, ya kai su ciki, su tayar da ɗaruruwan ƙwayoyin gado na kariya. In ba su shiga ba, gargaɗin ya tashi a banza.

Ƙwayoyin cuta sun san wannan tun kafin mu sani. A 1976, a garin Nzara da ke kudancin Sudan ta wancan lokaci, wani zazzaɓi ya fara da ma'aikatan masana'antar auduga, ya kai asibitin Maridi, ya kama mutum 284, ya kashe 151. Ita ce Ebola. Sai a 2006 aka gano ɗaya daga cikin dabarunta: tana da wani furotin da yake riga STAT1 kama impotin, ya zauna a mazauninsa. Ƙwayar SARS ta 2003 ita ma tana da nata, mai ɗaure impotin a waje. Da korona ta zo, aka tarar nata furotin ɗin a bakin ƙofar yake toshewa.

Don haka ba wauta ba ce da Wagstaff ta tuna da maganin tsutsar nan mai kama impotin a farkon 2020. Ita da Leon Caly na Cibiyar Doherty suka zuba korona a kan ƙwayoyin ƙodar biri a cikin faranti, suka ƙara ivermectin. Bayan awa 48 gadon ƙwayar cutar ya ragu wajen ninki 5,000. Ranar 3 ga Afrilun 2020 aka buga sakamakon. Masu binciken sun faɗa a fili cewa a faranti ne, sai an gwada a jikin mutum.

Amma wa yake sauraren wannan a lokacin? Ranar 13 ga Maris aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Khartum, kuma ya riga ya rasu. Ranar 18 ga Afrilu aka rufe jihar. A Umbadda, inda yawancin gidaje sai an fita ake samun na cefane, rufe kasuwa irin Suk Libya ba ƙaramin abu ba ne. A Kano a wannan watan masu haƙa kabari suka rasa hutu. Kafin shekara ta ƙare cutar ta ɗauke tsohon Firayim Ministan Sudan, Sadiƙ al-Mahdi, aka kawo shi Omdurman aka binne kusa da kakansa. Mutane suna cikin wannan hali aka ce musu ga magani mai araha, sananne, wanda miliyoyi suka sha lafiya. Ƙasar Peru ta amince da shi a watan Mayu. A Bolibiya aka raba shi gida-gida. A Amurka wasu suka koma shan na dawaki. Ban ga laifin wanda tsoro ya kai shi kantin magani ba. Laifin yana kan waɗanda suka san lissafi suka yi shiru, ko suka ƙara wa wutar itace.

Don lissafin ya fito tun cikin makonnin farko. Masana harhaɗa magunguna suka auna abin da aka zuba a faranti da abin da yake kaiwa jinin mutum idan ya sha ƙwayar yadda aka tsara. Ko rabin aikin da aka gani a faranti yana buƙatar fiye da ninki 35 na abin da jini yake samu. Dalilin a bayyane yake. Tsutsa tana da wata mashiga a jijiyoyinta wadda mu ba mu da irinta, ivermectin kaɗan ya ishe ta, shi ya sa ƙwaya uku ko huɗu suke wadatar da ƙato. Impotin kuwa riƙon da maganin yake masa sako-sako ne, sai an zuba da yawa. Kuma a ce an kai wannan yawan, wa aka tare? Ɗan rakiyar da yake ɗaukar kayan ƙwayar cuta shi ne dai yake ɗaukar namu, a ƙwaƙwalwa da hanta da ɓargo.

Wani bincike daga Masar da ya ce maganin yana rage mutuwa ƙwarai ya zagaya duniya, har aka janye shi a watan Yulin 2021, bayan wani ɗalibi a Landan ya lura da kwafe a rubutun, aka duba alƙaluman aka ga an maimaita marasa lafiya, wasu ma sun rasu kafin a fara binciken. Sannan manyan gwaje-gwaje suka zo. A Brazil aka raba mutum 1,358 gida biyu, rabi ivermectin, rabi ƙwayar da ba komai a cikinta. Waɗanda jikinsu ya tsananta har aka kwantar ko aka daɗe ana lura da su kashi 14.7 ne cikin ɗari a rukunin farko, 16.3 a na biyu, bambancin da bai wuce na sa'a ba. Gwajin Amurka da na Birtaniya su ma ba su ga ya rage kwanciya asibiti ko mutuwa ba.

Abin da mutane kaɗan suka lura da shi shi ne, maganin farko da aka tabbatar yana ceton rai a korona shi ma ta wannan ƙofar yake aiki. Ranar 16 ga Yunin 2020 Peter Horby da Martin Landray na Jami'ar Oksford suka sanar da sakamakon gwajin da aka yi wa mutum fiye da 6,400. An ba 2,104 daga cikinsu dexamethasone, miligiram 6 a rana har kwana goma. Cikin waɗanda injin ke yi wa numfashi, mutuwa ta sauka daga kashi 41 zuwa kashi 29. Mutum ɗaya cikin takwas ke nan da ya koma gida wanda da ba zai koma ba, da maganin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ga yadda yake yi. A cikin ƙwayoyinmu akwai wani furotin da yake jiran sinadarin kotisol, wanda wasu 'yan kumburai a saman ƙoda suke fitarwa. Yana zaune a wajen cibiya, wasu furotin sun riƙe shi. Tun 1987 Didier Picard da Keith Yamamoto, a San Faransisko, suka nuna yana da takardar shiga har biyu, kuma ba ya amfani da su sai sinadarin ya zo. Dexamethasone kwaikwayon kotisol ne, amma ya fi shi ƙarfi wajen ninki 25. Da ya kama furotin ɗin, sai ya sauya siffa, impotin ya ɗauke shi, cikin mintuna ya shiga cibiya ya kwantar da ƙwayoyin gadon da ke hura kumburi. Mai korona da ya kai mako na biyu yana haki, sau da yawa garkuwar jikinsa ce take cinye masa huhu, kuma ita maganin yake lallashi. A gwajin nan, waɗanda ba su kai ga buƙatar iskar oksijin ba bai amfane su da komai ba, alƙaluman ma sun karkata ga cutarwa, don a lokacin jiki yana buƙatar garkuwarsa a tsaye.

Ƙwayar dexamethasone ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Daga Kano har Omdurman ana sayar da ita ba takardar likita, 'yan mata da amare suna sha domin su yi ƙiba. Wadda take sha kullum tana tura furotin ɗin nan cikin cibiyar kowace ƙwaya ta jikinta, wata da watanni, ba tare da an bar shi ya fito ya huta ba. Fuska ta yi zagaye, ciki ya tashi, cinyoyi su sirance, fata ta tsattsage, sukari da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. 'Yan kumburan saman ƙoda kuma, ganin kotisol ya wadata daga waje, sai su daina aiki su motse. Shi ya sa wadda ta daɗe tana sha ba a so ta yanke rana ɗaya, don jini yana iya faɗuwa har ta rasa ranta. Likita ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan, makonni ko watanni, har kumburan su farfaɗo su ci gaba da aikinsu.